Karatu a Ƙasar Waje: Jami'ar da Ke Tattara Maka Hidima da Wadda Ke Barin Ka Ka Nema

Idan takardun karɓa biyu ko uku suka iso wa ɗalibi daga jami'o'in ƙasashen waje, abin da aka fi zama a kai shi ne kuɗin makaranta da sunan jami'ar. Sai kuma hotunan da ke shafinta na intanet: ciyawa kore shar, laburare mai hawa-hawa, ɗakin motsa jiki. Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke raba wanda ya gama lafiya da wanda ya dawo da karatu a rabi. Ranar da bizarka ta kusa ƙarewa, ko mai gida ya ce ka tashi, ko ciwo ya kwantar da kai ana saura kwana biyu jarrabawa, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa, kuma za a buɗe?

Amsar ta dogara sosai da irin tsarin da ƙasar take bi, kuma manyan tsare-tsaren biyu ne. A Birtaniya, Amurka, Kanada da Ostareliya, jami'a ce ke riƙe da kusan komai: shawara kan biza, ɗakin kwana, asibitin ɗalibai, masu taimako kan rubutu, ofishin neman aiki. Kuɗin yawancinsu, ban da na ɗakin kwana, yana cikin kuɗin makaranta mai nauyi da ɗalibin waje ke biya. A Jamus da Faransa kuwa, jami'ar gwamnati aikinta koyarwa da bincike. Kuɗin karatu kaɗan ne ko babu, amma masauki da abinci da shawarwari suna hannun wasu hukumomi daban, takardar zama kuma tana hannun hukumar gari. Hidimar tana nan, sai dai a warwatse take, kai ne za ka bi ta ofis-ofis.

Na fara da biza, domin ita ce ke riƙe da sauran. A Birtaniya, jami'ar ce ke ba ka lambar CAS da za ka nemi biza da ita, don haka ita ce ta tsaya maka a gaban gwamnati. A Amurka takardar ita ce I-20, kuma kowace jami'a tana da jami'in da aka ɗora wa kula da bayananka a rumbun gwamnati mai suna SEVIS. Amfanin wannan a fili yake: a cikin harabar makaranta akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya san dokar, kana iya zuwa ka zauna da shi ba tare da ka biya lauya ba. Idan za ka canza kwas, ko za ka tafi gida saboda rasuwa, ko kana son ƙarin lokaci don kammala bincike, shi zai gaya maka abin da zai shafi zamanka.

Amma ya kamata kowane ɗalibi ya san cewa wannan ofishi fuska biyu gare shi. Yana taimakonka, kuma doka ta wajabta masa ya kai rahotonka. Jami'ar Birtaniya tana bin diddigin halartar darasi, domin lasisinta na ɗaukar ɗaliban waje ya rataya a kan haka. Idan ta cire ka daga rajista, ko don ƙin zuwa aji ko don bashin kuɗin makaranta, za ta sanar da hukumar shige da fice, kuma a al'ada akan rage bizar zuwa kwana 60. A Amurka, ɗalibin digirin farko mai bizar ɗalibai ta F-1 sai ya ɗauki cikakken nauyin darussa a kowane zango, kuma idan ya ajiye wani darasi ya sauka ƙasa da ƙa'ida ba tare da izinin jami'in ba tun da farko, zamansa ya shiga matsala. Ko gida ya sauya, kwana 10 yake da su ya sanar. Wannan ba dalilin gudun ofishin ba ne, dalili ne na zuwa da wuri, tun matsala tana ƙarama. Idan kuma rigimar tsakaninka da jami'ar ce kanta, a Birtaniya ƙungiyar ɗalibai tana da nata masu ba da shawara da ba sa ƙarƙashin hukumar makaranta, akwai ƙungiyar UKCISA da ke bayani kan dokokin ɗaliban waje, kuma a Ingila da Wales akwai hukumar OIA da ke duba ƙorafin ɗalibi bayan ya ƙure matakan cikin gida. Ostareliya ta ma kafa doka tun shekarar 2000, wadda ake kira ESOS, da ta tilasta wa makarantu wasu hidimomi ga ɗaliban waje.

A Jamus lamarin ya sha bamban. Jami'a tana da ofishin ɗaliban waje, zai ba ka takardar shaidar rajista ya nuna maka hanya, amma ba shi ke ba da izinin zama ba. Da isarka sai ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari cikin mako biyu, da takarda daga mai gidan da ke tabbatar da cewa a nan kake zaune. Daga nan ka nemi ganawa da ofishin baƙi na garin don karɓar katin zama, kuma a manyan birane jiran wannan ganawa kan ɗauki watanni. Kafin duk wannan, yawancin ɗalibai sai sun zuba kuɗin shekara guda a wani asusu da ake kullewa, wanda daga Satumban 2024 ya kai yuro 11,904, ana sakar musu yuro 992 a wata. A Faransa, mai bizar dogon zama sai ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da shigowa, sabuntawa kuma tana hannun ofishin gwamnatin yanki. Galibi ba a bin diddigin ranakun da ka shiga aji kamar yadda ake yi a Birtaniya, wannan sauƙi ne na gaske. Sai dai babu kuma mai tuna maka cewa wa'adi ya matso. Wasiƙun hukuma da harshen ƙasar suke zuwa, ko da kwas ɗinka da Turanci ake koyar da shi.

Masauki shi ne wuri na biyu da ya cancanci a tsaya a kai, kuma a nan ne na fi ganin ana raina bambancin. Jami'o'in Birtaniya da yawa suna lamunce wa sabon ɗalibin waje ɗaki a shekarar farko, muddin ya nema kafin ranar da suka tsayar. A Amurka ma akwai jami'o'in da ke wajabta wa 'yan ajin farko zama a cikin makaranta. Ɗakunan ba su da araha, wani lokaci sun fi hayar gari tsada, amma ka sauka daga jirgi kana da makulli, wuta da ruwa da intanet suna cikin kuɗin, kuma akwai ma'aikacin da za ka kira da tsakar dare. Wahalar takan jira ka a shekara ta biyu, lokacin da za ka fita gari, masu gidaje su ce sai ka kawo mazaunin ƙasar da zai tsaya maka. Wasu jami'o'i suna da shirin tsaya wa ɗalibansu a irin wannan hali, wasu ba su da shi, kuma wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun kafin a biya kafin alƙalami. Ɗalibin digiri na biyu kuma kada ya ɗauka lamunin ɗaki ya haɗa da shi sai ya gani a rubuce.

A Jamus, samun gurbin karatu bai ba ka gado ba. Ɗakunan ɗalibai suna hannun hukumomin Studierendenwerk masu kula da walwalar ɗalibai, guda 57 a faɗin ƙasar, kuma suna ɗaukar kusan ɗalibi ɗaya ne cikin goma. Ɗakunan suna da araha ƙwarai idan aka kwatanta da kasuwa, shi ya sa layin jira a birane irin su Munich da Berlin yake kai zango biyu ko fiye. Sauran ɗalibai haɗa kai suke yi su kama gida tare, kuma mazauna gidan ne ke zaɓar wanda zai shigo, bayan sun gana da masu nema da yawa. Baƙon da bai iya harshen ba, yana nema daga wata nahiya, shi ne ya fi shan wuya, shi ne kuma 'yan damfara suka fi hari da hotunan ɗakin da babu shi. Abin da ya fi muni shi ne yadda matsalolin ke sarƙe da juna: babu tabbataccen adireshi babu rajista, babu rajista katin zama zai yi jinkiri. Faransa tana da hukumomin CROUS masu irin wannan aiki, ɗakunansu ma ba sa isa, amma tana da shirin Visale da ke tsaya wa ɗalibi a gaban mai gida kyauta, abin da ke cire babban ƙaya. A Holan ƙarancin ya taɓa kai wa a 2022 wasu jami'o'i suka shawarci sababbin ɗalibai da kada su taso idan ba su sami ɗaki ba. Duk wanda ya zaɓi wannan tsari, shawarata ita ce ya dubi ƙananan garuruwan jami'a kafin manyan birane, ya kuma shiga layin ɗaki ranar da ya tura takardar neman gurbi idan hukumar garin ta yarda da haka.

Ta fuskar lafiya, rabon bai bi layin da na zana a sama ba. Birtaniya tana karɓar kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a kowace shekara daga Fabrairun 2024, bayan haka ganin likita da kwanciya asibiti a ƙarƙashin NHS, tsarin lafiya na gwamnati, babu ƙarin biya, illa dai jira. Abin da ake so shi ne ka yi rajista da likitan unguwa ko na jami'a a makon farko, ba ranar da ciwo ya kama ka ba. Jamus tana wajabta inshora kafin a yi maka rajistar karatu, kuma ɗalibin da bai kai shekara 30 ba yana shiga ta gwamnati a farashin ɗalibai, wadda ke ɗaukar kusan duk abin da ya shafi magani. Wanda ya haura 30 lissafinsa daban ne, ya bincika tun yana gida. Faransa tana shigar da ɗaliban waje tsarin lafiyarta ba tare da kuɗin rajista ba, ko da yake ba duka kuɗin magani take mayarwa ba. Amurka ce ta fi tsauri. Asibitin cikin jami'a yakan yi kyau, amma da zarar an tura ka babban asibiti, abin da inshorarka ta rubuta shi ne zai yi magana, kuma akwai kason da kai za ka biya daga aljihunka.

Akwai kuma ciwon da ba a gani: kaɗaici, kewar gida, duhun hunturu da ke sauka tun ƙarfe huɗu na yamma, nauyin sanin cewa dangi sun sa rai da kai. Kusan duk jami'o'in tsarin farko suna da masu ba da shawara kan damuwa a cikin haraba, kyauta kuma cikin sirri, amma zaman da ake ba mutum ɗaya ƙidayayye ne, kuma dab da jarrabawa layi yakan yi tsawo. A Jamus, Studierendenwerk ma suna da irin wannan hidima kyauta. Tambayar da ta dace a nan ita ce ko akwai mai yi da harshen da kake iya buɗe zuciyarka da shi. Mutum yana iya rubuta jarrabawa da harshen da ya koya jiya, amma faɗin abin da ke damunsa da shi wani aiki ne daban.

Kan karatun kansa, tsarin farko ya fi kusantar ɗalibi. A Birtaniya ana haɗa ka da malami guda da ke bibiyar tafiyarka, a Amurka malamai suna da sa'o'in da ƙofarsu ke buɗe ga kowa, kuma akwai cibiyoyin da za ka kai rubutunka a duba tsarinsa. Ina roƙon kowane sabon ɗalibi ya je wannan cibiya a watan farko, ko da shi ne gwarzon ajinsu a baya. Ƙa'idar ambaton inda ka ɗauko magana tana da tsanani a waɗannan ƙasashe, ana bi da rubutu ta manhaja irin Turnitin mai gano kwafe, kuma rashin sani ba ya wanke mutum daga laifin satar rubutu. Haka nan idan rashin lafiya ko rasuwa ta hana ka aiki, akwai fom na neman uzuri mai wa'adi, wanda ɗalibai da yawa ba sa jin labarinsa sai lokaci ya wuce. A Jamus kai ne mai tsara jadawalinka, kai za ka yi wa kanka rajistar jarrabawa, kuma galibi sau uku ake ba ka dama a darasi na dole. Idan ka faɗi na ƙarshe, an rufe maka wannan fanni, sau da yawa har a sauran jami'o'in ƙasar. Babu malamin da zai neme ka don bai gan ka ba. Ga mai hankali a kwance wannan 'yanci ne, ga ɗan shekara 18 da bai taɓa barin gida ba haɗari ne.

Laburare, ɗakin kwamfuta, filin wasa: duk manyan jami'o'in ɓangarorin biyu suna da su daidai gwargwado, ban ga dalilin da zai sa su yanke wa mutum hukunci ba. Kantin abinci na Jamus da Faransa gwamnati ke tallafa masa, don haka ya fi araha nesa ba kusa ba. Wurin ibada kuwa akwai bambanci. Jami'o'in Birtaniya da Amurka da Kanada galibi suna ware ɗakunan salla da addu'a, da malaman addinai daban-daban da ɗalibi zai iya gani. A Faransa, saboda raba addini da gwamnati, jami'ar gwamnati ba ta saba ware irin wannan ɗaki ba, ko da yake dokar 2004 da ta hana alamomin addini ta shafi makarantun firamare da sakandare ne, ba jami'a ba. A Jamus kowace jami'a da nata ra'ayi. Wanda wannan ke da muhimmanci a gare shi ya tambayi ɗaliban da ke can.

Saura kuɗi, wato ranar da lissafi ya karye: darajar kuɗin ƙasarku ta faɗi, ko mai ɗaukar nauyinka ya rasu. A nan ne tsarin da ya fi kula da kai yake iya zama wanda ya fi saurin sallamar ka, domin duk hidimarsa a kan biyan kuɗin makaranta take tsaye. Bizar ɗalibi a Birtaniya ta hana shi tallafin gwamnati, asusun agajin gaggawa na jami'a kuma ƙarami ne, don haya da abinci na ɗan lokaci, ba don biyan kuɗin zango ba. Aikin da doka ta yarda da shi ba zai cike gurbin ba: sa'a 20 a mako lokacin karatu a Birtaniya, sa'a 20 a cikin haraba kawai a Amurka, sa'a 24 a wajen haraba a Kanada daga ƙarshen 2024, sa'a 48 a mako biyu a Ostareliya. A Jamus, tun Maris na 2024, ɗalibi yana iya aikin cikakkun kwana 140 ko rabin yini 280 a shekara, a Faransa sa'a 964. Tunda abin da ake biya a yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus 'yan ɗaruruwan yuro ne a zango, wanda sau da yawa ya haɗa da tikitin sufuri, ɗalibin da ya shiga ƙunci yana iya rage gudu, ya yi aiki, ya ci gaba. Akwai togaciya: jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, Jami'ar Fasaha ta Munich ma ta fara karɓar kuɗi a 2024. Ko da haka, tazarar da ke tsakaninsu da kuɗin Birtaniya ko Amurka mai faɗi ce.

Akwai hanya ta uku da ba zan tsawaita a kai ba, wato cikakken tallafin karatu na gwamnati, irin na Turkiyya, da ke haɗa kuɗin makaranta da masauki da inshora da shekara guda ta koyon harshe. Wanda ya samu ya huta da yawancin abin da na zayyana, sai dai ya karanta sharuɗɗan maki da halarta da kyau, domin idan tallafin ya tsaya, ɗaki da inshora tare suke tafiya.

To wa ya dace da wane? Matashin da zai fara digirin farko, bai taɓa zama shi kaɗai ba, kuma gidansu na da tabbacin kuɗin dukkan shekarun ba na farko kaɗai ba, na fi natsuwa da shi a jami'ar da ta tattara komai. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma shekarar farko ce ta fi buƙatar ɗan jagora. Wanda zai yi digiri na biyu ko na uku, ya saba da bin ofisoshi, kuɗinsa ƙidayayye ne, kuma a shirye yake ya koyi Jamusanci ko ya riga ya iya Faransanci, tsarin na biyu ya fi masa, domin ba zai kwana da fargabar wasiƙar bashi ba. Mai iyali ya lura cewa daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu na aji zuwa da mata da 'ya'ya, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Mai lalura ta jiki ko ciwo mai daɗewa ya rubuta wa ofishin masu buƙata ta musamman kafin ya karɓi gurbi, ya ji abin da za su iya yi masa a aji da jarrabawa da ɗaki. Wanda ba zan ba wa shawarar tsarin farko ba ko kaɗan shi ne mai kuɗin zango ɗaya da ke sa ran aiki zai biya sauran.

A cikin ƙasa ɗaya ma jami'o'i ba daidai suke ba, kuma akwai gwaji mai sauƙi. Ka aika wa ofishin ɗaliban waje imel da tambayoyi na takamaimai: shin an lamunce mini ɗaki, kuma zuwa wace rana? Idan na makara da biyan kuɗi, kwana nawa kafin a rufe mini shiga darasi, kuma ana yarda da biya kashi-kashi? Mutum nawa ne ke ba da shawara kan biza, kuma ana ganinsu ido da ido? Ka lura da kwanakin da amsa ta ɗauka, da kuma ko mutum ne ya karanta tambayarka ko adireshin shafi kawai aka turo maka. Sannan ka nemi ƙungiyar ɗaliban waje ta jami'ar, ka yi magana da wanda yake shekara ta biyu, wanda ya riga ya sabunta biza ya kuma nemi gida a gari. Wakilin da ke haɗa ka da makaranta galibi jami'ar ce ke biyansa kamasho, don haka duk alkawarin da ya yi maka kan ɗaki ko rangwame ko biya kashi-kashi, ka nemi jami'ar da kanta ta tabbatar da shi a rubuce kafin ka tura kuɗi.